Mu Kula Da Tafkunanmu

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, mu mutanen Zango muna bakin iyakar Nijar, inda damina ba ta wuce wata huɗu. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da shanu suka yi ta mutuwa.

Babban abin da ke kashe tafki shi ne sare itatuwan bakinsa. In babu saiwar da za ta riƙe ƙasa, ruwan sama da iska kan kwaso rairayi su cike shi, ya ƙafe tun kafin bazara.

Saboda haka ina roƙon masu unguwanni su riƙa kiran gayyar yashe tafkuna da rani. Mu kuma mu dasa bedi da gawo a gaɓa, mu hana zuba shara. Rigakafi ya fi magani.