Kula da Bishiyar Radbod da Kare Ta daga Cututtuka

1.0 Gabatarwa

Radbod wata ƙaramar bishiyar ado ce da ke tsirowa a gabashin Amurka ta Arewa, wadda masana tsirrai ke kira Cercis canadensis. Dangin kalgo ce, kuma tsawonta bai cika wuce mita 9 ba. A ƙarshen sanyi takan fitar da furanni ja-ja a rassa, har da jikin kututture, tun kafin ganye ya fito. A shekarar 1937 jihar Okalahoma ta zaɓe ta a matsayin bishiyar jiha. Sai dai ba ta cika yin tsawon rai ba, domin manyan cututtukanta ba su da magani.

2.0 Dashe da Ban Ruwa

Ana dasa ta tana ƙarama, saboda uwar saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, ba ta jure a tumɓuke ta bayan ta girma. Tana son ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Lokacin fari akan ba ta ruwa ya ratsa ƙasa, a shimfiɗa busasshen ganye a kewayen gindinta don riƙe danshi.

3.0 Cututtuka

Cuta mafi muni ita ce gyambon ɓawo. Wata fumfuna ce ke shiga ta wurin rauni, musamman idan ƙishirwa ta galabaitar da bishiyar. Wurin yakan yi baƙi ya lotsa, idan kuma gyambon ya zagaye reshe sai reshen ya bushe. Abin yi shi ne a datse reshen daga inda yake da lafiya, a ƙona shi, a tsabtace almakashin kafin a taɓa wani reshe.

Ta biyu ita ce cutar yaushi. Fumfunarta na zaune cikin ƙasa, tana shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin ruwa. Idan ta kashe bishiya, ba a sake dasa irinta a gurbin.

4.0 Ƙwari

Akwai wata tsutsa mai naɗe ganye da zarenta tana ci daga ciki. Ɓarnarta ba ta cika kisa ba. Tsinke ganyen da ta naɗe yakan wadatar.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa ƙishirwa da rauni su ne ƙofar gyambo. Mai kula da radbod zai fi cin riba idan ya kiyaye ta daga su, domin riga-kafi ya fi magani.