Gasar Ƙarti Takwas, da Wanda Ya Cinye Ta Ba Ya Cikinsu

Akwai wani wasa da ya yi ƙarfi a Amurka da Japan da Burazil, wanda ake ce da shi MMA, watau faɗan da aka gauraya dambe da kokawa da shuri a cikinsa, inda ake shigar da mutum biyu cikin keji su yi ta gwabzawa turmi bayan turmi, kowane turmi minti biyar, har ɗaya ya suma, ko ya miƙa wuya saboda shaƙa ko murɗiya, ko kuwa lokaci ya cika alƙalai uku su yanke hukunci da maki. Wani rukuni mai jan 'yan kallo ƙwarai shi ne na masu nauyi, waɗanda aka iyakance musu kilo 120, domin a nan ne naushi guda yake kashe magana.

To, a farkon shekarar 2011 kamfanin Strikeforce ya yi shelar zai tara ƙarti takwas na wannan rukuni, a yi ta fidda wanda aka kayar har mutum ɗaya ya saura. Mu masu sha'awar wasan, da muka daɗe muna jayayya a kan mas'alar wane ne gwanin gwanaye ba tare da wata hujja mai yanke gardama ba, sai muka ɗauka ga ranar hisabi ta zo. Da aka fito da jadawalin kuwa sai murna ta gauraya da gunaguni, saboda an cusa Fedor Emelianenko, da Antonio Silva, da Alistair Overeem, da Fabricio Werdum duk a ɓangare guda, alhali kuwa su ne ake zaton gani a ƙarshe.

Sai an san matsayin Fedor a zukatan mutane sannan a gane abin da ya faru ranar 12 ga Fabrairu a jihar New Jersey. Mutumin Rasha ne, mai ɗan tumbi, marar fara'a kuma marar fankama, wanda ya yi kusan shekara goma ba a ci shi ba kafin Werdum ya shaƙe shi a 2010, har magoya bayansa suka ce wannan tuntuɓe ne kurum. Silva kuwa ɗan Burazil ne, ya fi shi da kimanin kilo 15 a ma'auni. Da shiga turmi na biyu sai ya kai shi ƙasa, ya hau ruwan cikinsa, ya dinga sauke masa hannu kamar mai sussukar gero, Fedor yana ta mutsu-mutsu a ƙarƙashi bai yarda ya sallama ba, har aka buga ƙararrawa ya miƙe idonsa na dama ya kumbura ya rufe ruf. Likita ya duba ya ce a'a. Ni dai a ganina likitan nan ya yi adalci, ko da yake mutane da yawa sun so a bar shi ya shiga turmi na uku, ba don sun ga alamar nasara ba, sai don zuciya ba ta son ganin gwaninta ya fita ta hannun likita.

Daga nan al'amura suka fara warwarewa. A watan Maris masu UFC, wani kamfanin shirya irin wannan wasa, suka saye Strikeforce ɗungurungum. A watan Yuni, a birnin Dallas, Overeem ya ci Werdum da maki a wani wasa mai gundura, inda Werdum ya riƙa kwanciya rigingine yana kiran abokin karawarsa ya biyo shi ƙasa, shi kuwa yana ƙi, jama'a suna ta ihun ƙyama. Ba a jima ba kuma aka ji an cire Overeem daga gasar baki ɗaya, bayan saɓani a kan ranar wasansa na gaba da batun rauni a yatsan ƙafa, ga shi kuwa shi ne mai riƙe da kambin kamfanin.

Wanda aka sa a gurbinsa shi ne Daniel Cormier, Ba'amurke, gajere a cikin waɗannan dogaye, ɗan kokawa da ya zo na huɗu a wasannin Olamfik na 2004, wanda bai fara wannan sana'a ba sai a 2009, kuma an ajiye shi ne don ko-ta-kwana. A watan Satumba, a Cincinnati, ya buge Silva, watau ƙaton nan da ya danne Fedor, ya sumar da shi tun a turmin farko, har shi Cormier ya samu karaya a hannu garin yin haka. Saboda karayar aka jinkirta wasan ƙarshe zuwa 19 ga Mayu, 2012, a San Jose, inda ya haɗu da Josh Barnett, tsohon zakaran UFC, wanda ya shaƙe abokan karawarsa biyu kafin ya iso nan. Turmi biyar suka yi cur, minti 25, kuma abin da bai fita daga ran duk wanda ya gani ba shi ne lokacin da Cormier ya cusa hannu ta tsakanin ƙafafun Barnett, ya ɗaga shi sama caɗak, ya juya shi a iska ya maka shi da ƙasa. Alƙalan uku duka suka ba shi.

Har yau akwai masu cewa gasar ta tashi a banza, tun da ba a ga Fedor da Overeem a keji ɗaya ba, kuma wata goma sha biyar ta ɗauka maimakon 'yan watanni. Suna da hujja, don tambayar da aka yi alkawarin amsawa ba a amsa ta ba. Amma masu rage wa Cormier daraja saboda ta taga ya shigo, waɗannan ban bi su ba, domin ya kayar da wanda ya kayar da Fedor, ya kuma rinjayi Barnett a turmi biyar, sannan da aka rufe Strikeforce a farkon 2013 ya koma UFC, ya riƙe kambin rukuni biyu, na biyun a 2018 da ya sumar da Stipe Miocic.