Barloma a Madani: abin da ya kamata 'yarmu ta sani kafin ta ɗaure akwati

A jami'o'in Sudan, ɗalibin shekarar farko sunansa barlom, mace kuwa barloma. Tsofaffin ɗalibai ne ke tsokanar sabbin shiga da wannan suna, don sun gan su suna yawo da sabon littafi suna tambayar ina ɗakin muhadara yake. Sai dai yawancin barlomomin yanzu ba yara ba ne. Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilun 2023 ya hana zana shahada ta kammala sakandare a lokacinta, ba a yi ta ba sai ƙarshen Disambar 2024. Wad Madani kanta ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji ba su karɓe ta ba sai 11 ga Janairun 2025. Yarinyar da ta taso daga Mai Wurno ko wani ƙauyen Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu ta riga ta yi gudun hijira, ta yi jira, wataƙila ma an sha yi mata maganar aure. Ba ta da wata shekarar da za ta sake zubarwa.

To 'yata, mu fara da abin da ba shi da daɗin ji: takardu. Lambar ɗan ƙasa, wato raƙam wadani, da takardar haihuwa, da shahada, ki jera su ki duba harafi bayan harafi. Mu Hausawa muna da suna na yanka da na gida, ga kuma kakan da wani ma'aikaci ya rubuta da Larabci yadda kunnensa ya ji. Idan sunan kakanki ya saɓa tsakanin takardu biyu, gyara shi yanzu ya fi sauƙi da ranar da za ki karɓi digiri. An san kuma yadda akan tsaurara wa waɗanda ake kira Fallata tambaya wajen takardun zama ɗan ƙasa, ko da an haifi kakanninsu a nan. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki tura wa wani ɗan'uwa da ke Bur Sudan ko Jidda ya ajiye. Gidaje nawa aka bari da takardu a ciki aka dawo ba a tarar da ko tsinke ba?

Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a 1975, tana bin tsarin zango-zango, kuma makin kowane darasi yana shiga lissafin da zai bi ki har ki gama. Nan ne barloma ke ruɗuwa. Ta saba da sakandare inda ake tara karatu sai jarrabawa ta ƙarato a kwana ana hadda. A jami'a babu mai bin ki da bulala, malami zai yi bayaninsa ya fita, kafin ki farga zango ya ƙare. Wadda ta yi sake a watanni huɗun farko takan shafe shekara biyu tana cike ramin. Akwai kalmomi biyu da ya kamata ki san ma'anarsu tun makon farko: mulhaƙ, jarrabawar da ake sake wa wanda ya faɗi darasi, da tajmid, wato jingine shekara bisa izini. Idan rashin lafiya ko rashin kuɗi ya tilasta miki komawa gida, ki je ofishin rajistar kulliyarku ki nemi tajmid a rubuce. Wadda ta ɓace shiru kawai, a faɗuwa za a lissafa ta.

Sai maganar harshe, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kina shiga da Hausar gida da Larabcin kasuwa, za ki tarar da Larabcin littafi, sannan ga Turanci yana jiran ki. Tun 1990 aka mai da koyarwa a jami'o'in ƙasar zuwa Larabci, amma manyan littattafan likitanci da haɗa magunguna da injiniyanci da Turanci suke. Ki ware rabin sa'a kullum, ki buɗe littafi na musamman don sabbin kalmomi, ba kunya a ciki.

Hausar kuma fa? Akwai 'yan matan da da sun taka harabar jami'a sai su kulle ta a akwati, idan inna ta kira waya su fita waje su yi ƙasa da murya. Ana iya gane dalili: ba a manta da rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu ba, kuma ba kowa ke faɗin "Fallatiyya" da kyakkyawar niyya ba. Amma ɓoyon ba ya sayo mutunci. Mai Wurno ta girmi madatsar ruwan Sannar ta 1925: Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kawo jama'a nan bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da gumin iyayenmu aka tsinci audugar Jazira. Sannan Hausar jari ce. Kulliyar likitanci ta Jazira ta yi suna wajen tura ɗalibanta ƙauyuka su koyi aiki cikin jama'a. Ranar da tsohuwa ta kasa faɗin inda ke mata ciwo da Larabci, ke za a nema.

Masauki: idan an samu gado a dahiliyya, gidan kwanan ɗalibai da asusun kula da ɗalibai na ƙasa ke gudanarwa, alhamdu lillahi. Amma a je a gani da ido tukuna, don yaƙi ya taɓa gine-gine da ruwa da wuta. Zama gidan dangi ya fi araha, sai dai a yi magana ɓaro-ɓaro tun farko, kada a wayi gari ɗaliba ta koma mai raino da tuyar kisra. Gidan sauro kuwa dole ne. Jazira ƙasar magudanan ruwa ce, zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne, kwalara ma ta yi ɓarna tun 2024. A tafasa ruwa ko a sa masa magani.

Yanzu gare ku, iyaye da yayye da ke fatauci a Kano ko Injamena ko Saudiyya. Kuɗi kaɗan da ke zuwa ranar da aka sani ya fi mai yawa da ke zuwa in an tuna. Ku buɗe mata asusun Bankak da sunanta, ba da sunan kawu ko maƙwabci ba, don yarinyar da sai ta roƙa kafin ta ci fatur ita ce mai saurin karɓar tayin wanda bai kamata ba. Ku lissafa kuɗin rajista daban, na raksha da buga takardu da katin waya daban. Idan kuma akwai mai neman aurenta, a zauna a yanke magana kafin ta tafi: zai jira, ko za a ɗaura ta ci gaba, kuma wa zai biya? A faɗa gaban shaidu. Alkawarin da aka yi a tsakar gida da dare, hutun zangon farko kan cinye shi.

Wanda ya ce karatun mace ba al'adar nan ba ce, a tuna masa Rufa'a, can gabashin kogin a wannan jiha tamu, inda Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa a 1907.

Ke kuma, kafin wata ya cika ki nemi wata 'yar shekara ta uku ko ta huɗu a kulliyarku, in da hali 'yar yankinku. Ita za ta gaya miki malamin da ke ƙirga halartar aji, da inda ake samun tambayoyin shekarun baya, da unguwar da ba a bi bayan magariba. Ku haɗa hannu ku huɗu ko biyar wajen girki, tukunyar ful ɗaya ta ishe ku. Dandalin muhawarar siyasa na ɗalibai kuwa, ki tsaya daga nesa ki saurara, kada ki sa hannu a wata takarda bana. Lambar mushrifar dahiliyya da ta abokiyar ɗakinki, ki ba inna su tun ranar da kika sauka, ta sa a rubuta mata a takarda ta ajiye, don waya kan mutu.