Mutuwar ɓarin jiki: mu koya wa hannu aiki a gida

Masu karatu, yau za mu yi magana kan mutuwar ɓarin jiki. Sau da yawa hawan jini ke kawo ta. Jijiyar jini kan toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, sai hannu da ƙafa na gefe ɗaya su daina motsi. Ba aikin iska ba ne. In baki ya karkace, magana ta sarƙe, a gaggauta kai mutum asibiti.

Mutumin Korgom da aka sallamo daga asibitin Tasawa ko na Maraɗi, gida zai dawo, kuma a nan ne babban aiki yake. Jiki ya fi saurin farfaɗowa cikin wata 3 zuwa 6 na farko.

Kuskurenmu shi ne tausayi mai yawa. Mu ba shi fura a baki, mu sa masa riga, mu hana shi taɓa komai. Alhali hannun da ba ya aiki ƙagewa yake yi. Mu bar shi ya gwada da kansa, ko da fura za ta zube. In ludayi yana kuɓuce masa, a naɗe hannun ludayin da tsumma ya yi kauri. Kada ya ci abinci a kwance. A zaunar da shi sosai, don gudun ƙwarewa.

Wajen sa riga, hannu marar ƙarfi ke fara shiga. Wajen tuɓewa kuwa, shi ne na ƙarshen fita. Kada a ɗaga mutum ta wannan hannu, domin kafaɗa na iya gocewa. A taɓa ruwan wanka kafin a ba shi, watakila ba ya jin zafi a wannan gefe. Wanda bai iya tashi ba tukuna, a riƙa juya shi kowace awa 2, don kada gyambo ya fito.

Don koyon tafiya, a kafa itace 2 dogaye bisa gwafanni a tsakar gida, daidai ƙugunsa, ya dafa yana takawa. A rage masa gishiri da kanwa, kuma kada ya bar shan maganin hawan jini.

Manomi ba ya son zama haka kawai. A ajiye masa faifai ya tsince wake, ya ɓare gyaɗar iri, ya ja carbi. Yau ƙwara 10, gobe a ƙara.