Yadda Guguwar Rana Ke Ƙara Wa Ɗamarar Van Allen Ƙarfi

Duniyarmu tamkar wani babban maganaɗisu ce, wanda ƙarfinsa ya kai nesa cikin sararin samaniya. A can ne yake kama wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, wato elektiron da firoton, ya tsare su suna kai da kawowa tsakanin arewa da kudu. Taron ƙwayoyin ya kewaye duniya kamar ɗamara biyu, ta ciki da ta waje. James Van Allen na Jami'ar Iowa ta Amurka ne ya gano su a 1958, shi ya sa ake kiransu da sunansa.

Lokaci zuwa lokaci rana kan yi aman iskar gas mai tsananin zafi, wadda kan iso duniya cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ita ake kira guguwar rana. Mai karatu zai iya zaton ita ce ke zubo ƙwayoyi masu ƙarfi cikin ɗamarar waje. Alhali kuwa akasarin elektiron a nan kusa da duniya suke samun ƙarfinsu, ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce matsi. Idan guguwar ta bugi maganaɗisun duniya sai ta danne shi, ta ingiza elektiron zuwa ciki inda ya fi ƙarfi, gudunsu ya ƙaru. A ranar 24 ga Maris, 1991, tauraron ɗan'adam mai suna CRRES ya ga sabuwar ɗamara ta samu haka cikin 'yan mintuna, ta kuma yi watanni ba ta watse ba.

Ta biyu kuwa igiyoyin rediyo ne da guguwar ke tayarwa, waɗanda in aka mayar da su sauti sai a ji kamar kukan tsuntsaye da asuba. Kamar yadda yaro kan yi sama a kan lilo idan ana tura shi daidai lokacin da ya dace, haka igiyoyin ke tura elektiron kaɗan-kaɗan har gudunsa ya kusa kai na haske. Taurari biyu da hukumar NASA ta harba a 2012 sun tabbatar da haka.

Irin waɗannan elektiron kan ratsa jikin tauraron ɗan'adam su lalata na'urorinsa. A Janairun 1994 sun tsayar da taurarin Kanada biyu, Anik E1 da E2, aka sami katsewar talabijin da tarho a sassan ƙasar. Saboda haka ne masana ke sa ido kan rana dare da rana, domin a gargaɗi masu kula da taurari tun guguwa ba ta iso ba.