Shirin Musamman: Ƙulli-Ƙulli da Aljihun Mai Ƙaramin Ƙarfi

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu leƙa madafa da ɗakin ajiya da shagon unguwa, domin mu tattauna batun tattalin gida a wannan zamani da kuɗin cefane ke fita da hantsi su ƙare kafin azahar. Idan aka ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya yi tattali, yawanci abin da ake nufi shi ne ya ƙara ɗaure ciki, ya rage tuwo, ya haƙura da nama. To amma gidaje da yawa sun riga sun rage har babu sauran abin ragewa. Abin da shirin ke son kafawa shi ne, talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada, kuma kuɗin da za a iya cetowa a gidansa suna ɓoye ne a cikin yadda yake saye da lokacin da yake saye. Ku biyo mu.

(Kiɗa)

Mu fara da inda aka kwana. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yi wa naira farashi, darajarta ta zube. Kowane buhu da ke shiga kasuwa sai ya hau mota, saboda haka tsadar mai ta zarce kai tsaye zuwa tukunya. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara. A wannan shekarar ta 2024 ce wasu gidaje a Kano suka koma cin afafata, wato tarkacen shinkafar da a da masu casa ke warewa gefe. A watan Yuli aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Idan ka raba wannan kuɗi kwana 30, za ka samu kusan naira 2,300 a rana. A gida mai mutum shida kowa bai samu naira 400 ba, ga haya, ga magani, ga makaranta. Kuma wannan lissafin mai albashi ne. Ɗan dako da mai wankin hula da mai tuyar ƙosai ba su san abin da gobe za ta kawo ba.

Mai irin wannan samu ba shi da zaɓi sai saye kaɗan-kaɗan, kuma a nan hasara ta farko take. Ɗauki gero ko masara daga kasuwar Dawanau a Kano, wadda ke cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga hannun dillali kaya kan je wa ɗan sari, daga nan su je wa mai awo a kasuwar gari, sannan mai shagon unguwa. Kowane hannu da ribarsa, da kuɗin dako, da kuɗin mota. Buhu ya koma kwano, kwano ya koma gwangwani, gwangwani ya koma ƙullin leda, kuma duk lokacin da ma'auni ya ƙanƙance, farashin abin da ke cikinsa sai ya ɗaga. Haka abin yake ga man gyaɗa da manja da sukari da omo. Uwargidan da ke aika yaro ya sayo ƙullin mai safe da yamma, idan ta tara abin da ta biya a wata, sau da yawa za ta tarar ya fi kuɗin galan ɗin da zai ɗauke ta wannan watan. Mai shago ba azzalumi ba ne don ya yi haka, shi ma yana sayen leda, yana biyan haya, yana kuma ɗauke da bashin da ba a biya shi ba. Sai dai nauyin duka a kan mai ƙulli yake sauka.

Hasara ta biyu ta lokaci ce. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi kan cika kasuwannin ƙauye farashi ya sauka, sannan bisa al'ada ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Shi kansa ƙaramin manomi yakan sayar da araha da kaka don ya biya bashin taki ko ya aurar da 'ya, sannan ya dawo a watan Yuli ya sayi irin hatsin da ya noma da tsada. Tumatir ma haka: da rani, idan na Kadawa da Kura ya fito, har ruɓewa yake yi a Kwanar Gafan saboda yawa, da damina ta sauka kuwa sai ya zama na masu hali. Iyayenmu mata sun san wannan tun tuni, shi ya sa suke yanka shi su shanya su yi kauɗa, suke busar da kuɓewa da tattasai, suke tanadin kuka da daddawa. Hasara ta uku kuwa ita ce bashi. Wanda sunansa ke cikin littafin mai shago ba ya iya tayawa, ba ya iya cewa awon bai cika ba, ba ya kuma iya tsallakawa shagon gaba ko da can ya fi sauƙi. Idan albashi ko kuɗin aiki ya zo, tsohon bashi ya cinye shi, sai a buɗe sabon shafi.

(Kiɗa)

Na san akwai mai sauraron da zai ce: malam, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ba shi da na yau ina zai ga kuɗin buhu? Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce mafi nauyi cikin duk abin da za a ce. Gida ɗaya ba zai iya ba. Amma amsar tana cikin al'adarmu. Idan salla ta matso, mutane goma ko ashirin da babu wanda zai iya sayen sa shi kaɗai sukan haɗa kuɗi su yi watanda, a yanka a kasa, kowa ya kai nama gida a kan farashin da ba zai samu wajen mahauci ba. Babu abin da ya hana a yi watandar gero da masara da wake da jarkar mai. A ce gidaje goma sun amince kowa ya riƙa zuba naira 500 a rana. A wata ɗaya an tara naira 150,000, kuɗin da za a iya shiga kasuwar sari da su. Babban buhu kan ɗauki kwano 40, saboda haka kowane gida na da kwano huɗu a buhu. Idan rangwamen da aka samu a kwano naira 300 ne kacal, buhu ɗaya ya ceto naira 12,000 da da ta tafi a hanya. Mata kuwa sun riga maza nisa a wannan fanni, domin adashi a hannunsu yake. Abin da ya rage shi ne a daidaita kwasa da lokacin kaka, kuma a riƙa kwasar hatsi a madadin kuɗi.

Dalilin fifita hatsi a kan kuɗi lissafi ne mai sauƙi. A shekarar da farashin abinci ya tashi da kashi 40 cikin 100, naira 10,000 da aka jefa a asusu, idan aka fasa bayan shekara, abin da za ta saya bai wuce abin da naira 7,200 ke saye a ranar da aka ajiye ta ba. Kwanon gero kuwa yana nan kwanon gero. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun gina tsari a kan wannan fahimta tun ƙarshen shekarun 1990, tare da tallafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar manoma kan zuba amfanin gona a sito da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba manoma rancen da za su biya buƙata ko su ja ƙaramar sana'a, idan farashi ya tashi su biya su karɓi kayansu. Ga kuma bankunan hatsi na ƙauyuka, waɗanda ke saye da kaka su sayar wa mutanen gari da sauƙi a lokacin ƙunci. Duka biyun sun tsaya ne a kan abu guda: a hana talaka sayarwa da araha, a hana shi saye da tsada.

Wani zai ce, to idan an sayo, ƙwari fa? Wake musamman ba ya wata uku sai ya zama gari. Wannan matsala tana da magani ba tare da guba ba. Tun 2007 aka fara yaɗa buhunan PICS a Najeriya da Nijar da wasu ƙasashe, waɗanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka. Buhu ne mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Idan aka ɗaure kowanne tam, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sai su mutu. Jarka mai tsabta da ta bushe sarai, idan aka cika ta aka rufe gam, ita ma tana wannan aiki. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe sosai, kuma a ɗora shi a kan katako nesa da danshi da ɓera. Abin da ya kamata a guje wa shi ne zuba maganin ƙwari a cikin abinci, al'adar da ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Akwai kuma ƙorafin cewa abinci in ya yi yawa a gida hannu kan saki, a riƙa ɗiba ba lissafi, ga dangi da maƙwabta. Wannan sai maigida da uwargida sun zauna sun yanke awon rana, gwangwani kaza, a tsaya a kai. Rabon zumunci kuma a ware shi tun farko, domin gidan da ya hana ɗan'uwa tsaki yau, shi ma ranarsa na zuwa.

Akwai masu cewa farashi ba kullum yake hawa ba, kuma sun yi gaskiya. Bayan da gwamnatin tarayya ta sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin masara da shinkafa ya sauka a 2025, 'yan kasuwa da dama da suka tara kaya suna jiran tsada suka tafka hasara. Amma wanda ya sayi buhuna ɗari don ya sayar shi ne faɗuwar farashi ke karyawa. Gidan da ya ajiye abincin wata uku cinyewa zai yi, kuma ko farashi ya sauka, rangwamen sari da kuɓuta daga bashi suna nan. Wannan bambanci shi ne kuma amsar masu tsoron kada tanadi ya zama ɓoye abinci, wanda malamai suka yi hani da shi. Wanda ake zargi shi ne mai kulle kaya a sito don jama'a su matsu ya ci riba, tanadin ci na iyali kuwa tun zamanin rumbu ake yin sa. Sai batun amana, domin kowa ya taɓa jin labarin uwar adashin da ta yi layar zana da kuɗin mutane. A taƙaita ƙungiya ga waɗanda suka san juna, a rubuta kowane zubi, kada kuɗi su daɗe a hannun mutum ɗaya, a je kasuwa mutum biyu ko uku, a kuma auna a gaban kowa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne cewa wa'azin tattali wanke hukuma yake yi daga laifi. Bai kamata ya zama haka ba. Watanda ba za ta mayar da manoman Zamfara da Katsina gonakin da 'yan bindiga suka raba su da su ba, ba za ta sauke farashin taki ba, ba za ta gyara hanyar da motar hatsi ke bi ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne a wuyan masu mulki, kuma dole a ci gaba da tambayarsu. Akwai kuma gidajen da ko naira 100 ba za su iya zubawa ba, irin na marayu da na 'yan gudun hijira da tsofaffin da ba su da mai taimako. Su ba dabara suke buƙata ba, haƙƙinsu ne a kai musu ɗauki, daga hukuma da kuma zakkar hatsi, wadda take ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga noman ban ruwa da aka yi wa ɗawainiya. Amma tsakanin waɗannan da masu wadata akwai miliyoyin gidaje da ke samun ɗan abin sawa a baka kullum, suna kuma asarar wani kaso nasa a ƙulli da bashi da sayen tsakiyar damina. Su ne wannan magana ta fi shafa.

Saboda haka, masu sauraro, wanda ke son ya ci moriyar kaka mai zuwa, tun yanzu zai fara neman abokan zubi, a majalisa ko a masallaci ko a wajen sana'a, iyaye mata kuma a cikin adashinsu. A fara da abu ɗaya da gida ya fi ci, gero ne ko masara ko mai, a gwada na wata guda, a rubuta abin da aka kashe a kwatanta da na watan baya. Lissafin da kansa zai nuna ko a ci gaba ko a sake dabara. A nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)