Gargaɗi ga masu hawa keke: marka ta kankama, a duba tufafi

Ana jan hankalin duk mai fita a kan keke a watan Agusta, ɗalibai, masu kai burodi, manoma masu sammakon gona, musamman na Jos da kewayenta: kada wanda ya fita da rigar auduga a jikin fatarsa.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskarta kuwa ba ta Kano ba ce. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki, ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Kana hawan tudu kana gumi, ba za ka ji komai ba. Sai ka kama gangara iska ta daki jiƙaƙƙiyar rigar, yatsu su sandare, matse birki ya gagara, ga shi birkin kansa ba ya kama jiƙaƙƙen ƙarfe da wuri.

A fara da jesin ƙwallo, don yadinta ba ya riƙe ruwa. A ɗora suwaita ta ulu, sannan rigar ruwa. Duk ana samunsu a gwanjon kasuwar Katako ta Jos, ko Ƙofar Wambai ga mutanen Kano. Rigar ruwan ta zama ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Baƙa da magariba cikin yayyafi, direba ba zai gan ka ba sai ya iso kanka. Masu huda babbar leda su zura kai, na san tsada ce ta jawo, amma leda tana tara gumi, ka jiƙe ta ciki, iska kuma ta riƙa kaɗa ta kamar tuta.

Jallabiya da babbar riga a naɗe su a leda a ɗaure a bayan keke, a sa in an isa. Ƙafar wando a cusa a safa kada sarƙa ta cafke ta. Silifa yana zamewa daga feda. Lema kuwa a bar ta a gida. A sa safar hannu da hular sanyi, amma ba mai tare gefen ido ba.

Ɗumin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Wanda aka ga yana makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, yana tangaɗi ko sambatu, a sauke shi nan take. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da bargo har ka, in yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai ɗumi da sukari. In makyarkyatar ta tsaya alhali jikinsa ƙanƙara, sai asibiti, ba jira. Kada a kunna masa gawayi a rufaffen ɗaki: iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.